Kaushi a Teburin Siliki

Wata huɗu bayan an yi min tiyata hannuna ya fara kama siliki.

Ina zaune a kujerata ta bakin taga ina kalmasa bakin wani ɗankwali ruwan toka, sai na ji ƙyallen ya maƙale a babban yatsana. Na ja shi a hankali, ya saki. Da na ɗaga shi a haske na ga zare ɗaya ya zaro, ya bar siririn layi daga baki zuwa ciki, tsawon ɗan yatsa. Na juya na dubi shago. Kekuna na ta ƙara, ba wanda ya kula. Na sa bakin allura na lallaɓa zaren ya koma gurbinsa, na ci gaba da aiki.

Shagonmu dogon ɗaki ne. Daga ƙofa akwai teburin Baba, dattijon da ke yi mana yanka, sai kekunan ɗinki guda huɗu a jere, sai wurin guga. Can ƙurya, bayan labule, nan ake sa maɓallai da ɗinkin labulen gidaje. Taga ɗaya ce tak a shagon, kuma a gabanta teburin siliki yake. Shekara shida ina kan wannan tebur. Aikina kalmasar hannu. Ana murza bakin ƙyalle tsakanin yatsa biyu har ya naɗe siriri, allura ta ɗauki zare biyu kacal ta wuce, ta yadda in ka juya ɗankwalin ba za ka ga ɗinki ba. Keke ba ya iya wannan. A shagon ma, ban da Anti mai shagon da idonta ya fara rauni, ni kaɗai na iya.

Anti tana da doka a kan teburin, kuma kowa ya haddace ta. Ba a zuwa wurin da mai a hannu, ba a kuma ajiye ruwa kusa da shi. Ɗigon ruwa yana barin shaida a siliki, shi kuwa mai in ya taɓa, sai dai a haƙura da yadin. Saboda haka kowace safiya nakan je famfon baya in wanke hannu da sabulun wanke-wanke har sai ya yi ƙara in na murza, in sake wankewa bayan cin abinci. Ni kaina na ƙara wa dokar gishiri: ko a gida ba na barin mai ya zauna a tafin hannuna. In na shafa a jiki, sai in tashi in wanke.

Tun ina yarinya ni mai jiki ce. Da na girma abin ya wuce jiki kawai, gwiwoyina suka fara ciwo, numfashi na yi min wuya, sikari ya fara hawa. Likita ya daɗe yana bi na da magani kafin ya kawo maganar tiyatar rage tumbi. Yayata ce ta yi ta raka ni har aka yi. A wata huɗu na sauke kilo ashirin da shida. Na fara hawa matakalar gidanmu ba tare da na tsaya a tsakiya ba. Baba ya rage min riguna sau biyu, yana yi yana tsokana.

"Auta, in kika ci gaba a haka, rarar rigunanki za ta ishe ni in buɗe nawa shagon."

Na ji daɗin wannan lokacin, ba zan ɓoye ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne fata. Ƙaurina ya yi furu-furu kamar an barbaɗa gari. Gwiwar hannuna ta yi baƙi ta yi kaushi. Bayana na ƙaiƙayi har in riƙa goga shi a jikin kujera in ba mai kallo. In na cire riga, sai in ga farin abu ya zuba a cikinta. Duk wannan riga tana rufe shi, kuma mai yana ɗan taimakawa. Hannun da nake cin abinci da shi ne ba na shafa wa komai.

Washegarin ranar da zaren ya zaro na zo da wuri. Na zauna ina kallon yatsuna. Gefen farce duk ya tattashi, kan yatsun ya yi tauri yana saɓa. Sai na yi tunani irin namu na masu ɗinki. In gefen tebur ya yi kaushi yana kama yadi, Baba yakan ɗauko samfefa, takardar nan mai yashi ta kafintoci, ya goge wurin ya yi sumul. In bakin allura ya dakushe, haka ake goge shi. To me zai hana yatsa?

Na buɗe aljihun teburin Baba na yagi guntu daga mai laushin. Na shiga bayan labule na goge yatsuna goma ɗaya bayan ɗaya, na hure garin. Da na shafa siliki, ya zame kamar ruwa. Ranar na gama ɗankwali biyar. Na koma gida ina jin kaina wata mai dabara.

Kwana biyu abin ya yi kyau. A na uku kaushin ya dawo ya fi na da, sai na ƙara gogewa. Kafin mako ya zagayo, sabulu na taɓa hannuna sai in ji kamar an zuba barkono. Kan yatsuna ya yi ja, ya fara tsagewa ƙanana-ƙanana. Ban gaya wa kowa ba. Kullum da safe ina bayan labule da guntuwar samfefata, ina cije leɓe.

A rana ta goma Anti ta ajiye min farin siliki, na wata mata da ta yi odar mayafi uku iri ɗaya. Na yi rabin gefe na farko lafiya. Ina murza kusurwa sai na ga ɗigo ja, ƙarami kamar kan fil, a daidai inda yatsana ya tashi. Kafin in janye hannu, na biyu ya sauka kusa da shi.

Rediyo ce ta fara gani. Kekenta ne mafi kusa da ni, kuma sunan nan ba a banza aka sa mata ba.

"Innalillahi! Anti! Zo ki ga Auta ta fara yi wa mutane ado kyauta!"

Kekuna suka tsaya. Anti ta taso daga wurin guga, ta gyara tabarau, ta ɗauki mayafin ta duba. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

"Allura ce ta soke ki?"

Na girgiza kai.

"Kawo hannun."

Na miƙa. Ta juya shi gaba da baya, ta kama ɗayan ma ta duba.

"Me ya ci miki yatsu haka?"

Baba ya matso yana leƙe ta saman kafaɗarta, ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Af! To ga ɓarawon samfefata. Ni ina ta zargin ɓera."

Rediyo ta kwashe da dariya har da buga keke. "Samfefa? A hannu? Auta, saura fenti kenan, sai mu kai ki kasuwa a sayar."

"Ya isa," in ji Anti. Ta naɗe mayafin ta riƙe. "Auta, ba korar ki nake ba, ki ji ni da kyau. Amma wannan hannun ba zai sake taɓa min siliki ba. Ki koma ciki ki riƙa sa maɓalli. Rediyo, ke ki zauna nan ki riƙa yin masu kauri, masu laushin ni zan lallaɓa."

"Har yaushe, Anti?"

"Zuwa ƙarshen wata. Akwai wata da na sani, ta iya kalmasa, ta daɗe tana nema. In hannunki bai dawo ba zan kira ta. Idona ba zai kai ni wata biyu a kan wannan aikin ba."

Saura kwana ashirin da uku wata ya ƙare. Na kwashe allurata da ɗan almakashina na shiga bayan labule. Ina jin Rediyo tana jan kujerata tana cewa, "Kai, ashe nan iska take! Shekara shida Auta na shan daɗi ita kaɗai ba ta faɗa ba."

Bayan labule fitila ce ke ci ko da rana. Yadin labule yana da nauyi da ƙura, ba ruwansa da kaushin hannu. Na sa maɓalli ya fi ɗari a ranar, ban ɗaga kai ba.

Da yamma a gida Yaya ta ga ina wanke kwano da bayan yatsu. Ita ba a ɓoye mata abu. Ta kashe famfo ta kama hannuna, ni kuma na faɗa mata komai.

"Ke dai Allah ya shirye ki," ta ce. "Mutum na da baki amma sai ya tambayi aljihun tebur. Yaushe ne ranar komawarki asibiti?"

"Sai wata mai zuwa."

"Gobe ce. Ni na mayar da ita gobe."

Nas ɗin da ke duba waɗanda aka yi wa irin tiyatata babbar mace ce mai son wasa. Ta auna ni, ta yaba, sannan Yaya ta ɗora hannuna a kan teburinta ta ba ta labarin samfefa. Nas ta cire tabarau ta dube ni.

"'Yata, ke ƙofa ce ko kujera?"

Na sunkuyar da kai ina murmushi. Ta tsunkuli fatar bayan hannuna ta saki, ta kalli yadda take komawa a hankali. Ta ce in buɗe baki.

"Ruwa nawa kike sha a yini?"

"Ina sha da safe. Da kuma in na dawo."

"Tsakani fa?"

Na yi mata bayanin dokar tebur. Na ce da can, in an tashi cin abincin rana, nakan kwankwaɗi kofi biyu manya, su riƙe ni har yamma. Yanzu kuwa kurɓa uku ta cika min ciki, kuma su ne suka ce kada in haɗa ruwa da abinci. To lokacin hutun na abinci ne. Sai ya zama daga safe har la'asar kusan ba abin da ke shiga.

Nas ta dafa goshi. "Wato cikinki ya zama na kurɓa, aikinki kuma ya hana kurɓa. Sannan ki bi da sabulun kwano sau nawa a rana?"

"Uku. Wani lokaci huɗu."

"Ai fatar nan ta yi haƙuri da ke."

Ta sa aka ɗebi jinina don a duba ko akwai abin da ya yi ƙasa, ta tambaye ni ko ina shan ƙwayoyin bitamin ɗina kullum. Na ce wani lokaci ina mantawa. Yaya ta ce, "Kullum take mantawa." Nas ta ce ruwa dai sai na riƙa kurɓa duk yini, kaɗan-kaɗan, ba sai na ji ƙishi ba. In bar wanka da ruwa mai zafi sosai, in nemi sabulu mai sauƙi marar ƙamshi. In na fito wanka kada in goge jiki ƙaƙas, in shafa mai mai kauri tun da sauran danshi. Ta ce in riƙa fara cin ƙwai ko kifi ko wake kafin komai, tunda wurin kaɗan ne. Hannu kuwa, in cika shi da mai in sa safar auduga in kwana da ita.

"Man zai ɓata siliki," na ce.

"Ni fata na sani, 'yata, ban san siliki ba. Wannan ke za ki gano."

A hanya Yaya ta saya min mai kala uku da gorar ruwa mai murfin murɗawa. Safar hannu kuwa na ce ta bari. Na samu tsohuwar rigar auduga mai laushi, na ɗora hannuna a kai na zana da alli, na ɗinka guda biyu. Yaya ta ce na yi kama da mai shirin dambe.

Abu ɗaya mai kyau a bayan labule shi ne ba doka a can. Na ajiye gorata a ƙasa kusa da ƙafa. Duk maɓalli biyar sai in kurɓa. Da farko ina jin kunyar yawan tashi zuwa bayi, don sai na ratsa ta gaban kowa, Rediyo kuma ba ta taɓa barin ya wuce ba.

"Ga ta nan kuma! Auta, ko dai mu kai miki kujerar can ne gaba ɗaya?"

Maganar Nas ta tsaya min a rai. Tsawon shekara shida na yarda cewa mai da siliki ba sa haɗuwa ko ta wace hanya, amma ban taɓa gwadawa ba. Ban san awa nawa mai yake ɗauka kafin ya shige fata ba, ban san ko duk mai ɗaya ba ne. Sai na fara tsintar guntayen farin siliki da ke zuba ƙarƙashin teburin Baba. Ya gan ni rana ta biyu.

"Yanzu kuma me za a goge?"

"Gwaji zan yi, Baba."

Bai ƙara tambaya ba. Washegari na tarar ya yanka min su murabba'i-murabba'i, ya tara a cikin ambulan ya ajiye a kan kujerata.

Ga yadda na yi. In na shafa mai, sai in danna yatsa a kan guntu ɗaya in ƙirga ashirin, in murza kamar ina kalmasa. Sannan in sa dutsen guga a kai, don zafi yana fito da tabon da ido bai gani ba. Sai in ɗaga a rana. Kowane guntu na maƙala shi da fil a jikin kwali, na rubuta a ƙasansa wane mai ne da kuma bayan awa nawa. Mai na farko, mai ƙamshin, ko bayan kwana yana barin inuwa. Na ba Yaya shi. Na biyu ruwa-ruwa ne, ba ya tabo amma ba ya yi wa hannuna komai. Na uku, mai kaurin, in an taɓa yadi da shi nan take sai ya yi tabo ƙato. Bayan awa uku ma akwai alama. Amma in na shafa shi da yamma na kwana da safa, da safe na ɗauraye da ruwa mai ɗumi da sabulu mai sauƙi sau ɗaya, na jira hannun ya bushe sarai, guntun yana fitowa fes. Na maimaita kwana bakwai a jere. Bakwai ɗin duka fes.

Hannun bai warke a rana ɗaya ba. Makon farko tsagar ta rufe, amma fatar ta yi ta saɓa, ina ganin ta ina son in ɓare, ina hana kaina. Sakamakon jini ya fito, aka ƙara min ƙwaya ɗaya, Yaya ta ɗora kwalbar a kan takalmina don kada in fita ban sha ba. A mako na biyu ƙaiƙayin baya ya ragu har na manta da shi yini guda. Ƙaurina ya daina fari. Wata safiya ina sa ɗan kunne na ji yatsana ya zame a kan kuncina ba ƙara, na tsaya na sake shafawa.

A gaba kuwa aiki na taruwa. Ina jin Anti tana tsaki tana warware abin da Rediyo ta yi.

"Wannan kalmasa ce ko igiyar shanya?"

"Anti, ni fa ƙafata ce ta iya ɗinki, ba hannuna ba. Ki ba ni keke ki ga aiki."

"To tashi ki koma."

"A'a, bari dai in ƙara gwadawa. Iskar nan ba ta da laifi."

Saura kwana uku wata ya ƙare na ji Anti a waya tana cewa, "To, jibi ki shigo mu gani." Na san da wa take magana. Kwalina yana cikin jaka tun kwana biyu, na kasa fito da shi. Duk lokacin da na yi niyya sai in ga tana da baƙi, ko in ce bari ta gama shayi. Ranar na zauna da maɓalli ɗaya a hannu har na manta inda zan sa shi. Sai na miƙe, na ɗauki kwalin da gorata, na ɗaga labule.

Anti tana tsaye a teburin siliki tana duba wani yadi. Na ajiye kwalin a gabanta. Na shirya magana mai tsawo a raina, amma abin da ya fito shi ne, "Anti, ki duba."

Ta dubi kwalin, ta dube ni. "Mene ne wannan?"

Na nuna mata layin sama. "Wannan da mai ne, nan take. Wannan bayan awa uku. Waɗannan na ƙasa, na kwana da man ne na wanke da safe. Duk na goge su da dutse."

Ta cire fil ɗaya ta ɗaga guntun a taga. Ta cire na biyu. Ta bi bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, har da shinshinawa. Baba ya ajiye almakashi.

"Wato kina shafa mai a hannu."

"Ina shafawa. Kuma ba zan daina ba, Anti. In na daina zai koma yadda yake. Sabulun baya ma ba zan iya ba, na zo da nawa. Kuma sai na riƙa shan ruwa. Ba a tebur ba. Ko a bakin ƙofa ne, in riƙa tashi."

"Ikon Allah," in ji Rediyo. "Shekara shida ban ji Auta ta haɗa magana uku ba, yau ga ta da dokoki."

Anti ba ta kula ta ba. Ta buɗe aljihun tebur ta fito da wani ƙyalle shara-shara, irin wanda ko numfashi yana ɗaga shi.

"Buɗe hannun."

Na buɗe. Ta shimfiɗa ƙyallen a tafina ta ja shi a hankali ta kan yatsu har ya faɗi. Bai kama ba. Ta yi a ɗaya hannun, ta bi gefen farce, ta bi tsakanin yatsu. Sannan ta juya hannuna ta ja ta baya. A gaɓar yatsan tsakiya na hagu ƙyallen ya tsaya, ya ɗan tattare.

"Kin gani," ta ce.

Na kalli wurin, na san shi, shi ne ya fi ko'ina taurin kai.

"Ba da bayan hannu nake kalmasa ba, Anti."

Baba ya yi tari don ya ɓoye dariya. Rediyo ba ta ɓoye tata ba. Anti ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe.

"To na ji. Yau ya yi kyau. Gobe fa? Jibi fa? Ni ba ni da lokacin bin hannunki da ƙyalle kowace safiya."

"Ki bar min ƙyallen. Ni zan gwada kaina kafin in zauna. Ranar da ya kama, ba sai kin ce komai ba, da ƙafata zan koma maɓalli har ya warke."

"Ba samfefa?"

"Na kulle aljihuna da makulli," in ji Baba.

Anti ta juya ta ɗauko farin siliki daga kan kanta, irin wancan da na ɓata, ta warware shi a kan tebur.

"Rediyo, ba ta wuri."

"Anti, yanzu fa na fara sabawa."

"Tashi, uwar surutu."

Baba ya ɗauko guduma ya kafa ƙusa a jikin ƙofa, taku shida daga tebur, ya rataye gorata. Na je famfo na ɗauraye hannu da sabuluna, na tsaya a rana har ya bushe. Sannan na zauna. Na zare zare daga jikin yadin kansa don launi ya zo ɗaya, na zura a allura, na kama kusurwa na murza. Yatsuna sun yi sanyi da farko, tsawon taƙi guda ina jin kamar hannun wata ne. Daga nan suka tuna. Bakin yadin ya riƙa naɗewa da kansa yana bin babban yatsana, allura na shiga tana fita.

Duk rabin gefe sai in soke allura, in tashi in je ƙofa in kurɓa, in goge hannu a tawul, in duba shi, in dawo. Ba wanda ya ce komai, har Rediyo, wadda ta koma kekenta tana taka shi kamar da shi suka yi faɗa. Na gama gefe huɗu kafin la'asar. Na kai wurin guga na bi shi da dutse sama-sama, ban danne naɗin ba, na kawo wa Anti.

Ta kai shi taga. Ta bi gefen da yatsa tun daga kusurwa ɗaya har ta zagayo. Ta juya shi ta sake bi. Ta ɗaga tsakiyar a haske tana neman tabo. Sai ta koma kusurwoyin tana ta jujjuya su kusa da ido.

"Ina kika ɗaure zaren?"

"Ki nema, Anti."

Ta ɗago ta dube ni. Ni ma ban san daga ina maganar ta fito ba. Ta sake dubawa, kusurwa huɗu, sannan ta ninke mayafin ta ajiye a gefe. Ta ɗauki wayarta ta fita bakin ƙofa. Ina jin ta tana cewa, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, ba sai kin zo jibin ba. Mai wurin ta dawo."

Da ta shigo ta sauke yadi shida daga kan kanta ta dire a gabana, biyu farare, sauran masu launi.

"Mai su tana son su ranar Asabar," ta ce. "Fara da fararen tun da sauran haske."